Ɓargon Yaya Alhusseini

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Mariama, daga tsohon garin Agadas.

Na daɗe ina fama da ciwon jini, har lokotoro, wato likita, ya ce sai an yi mini dashen ɓargo a ƙasar waje, kuma a jikin ɗan'uwa za a samo. Duk 'yan ɗakinmu aka gwada su. Wanda ya dace shi ne Yaya Alhusseini, mai noman albasa a Tabelot, ƙaton mutum amma ba abin da yake tsoro kamar allura.

Da aka gaya masa, ya zaro ido ya ce, "Ƙashina za a fasa?" Lokotoro ya ce a'a, da allura ake ɗiba. Yaya ya ce, "Ai gara a fasa ƙashin!" Muka kwashe da dariya. Sai ya dube ni ya ce, "Amma don ke, su kawo goma."

Inna kullum tana mana addu'a, hankalina kuma a kwance yake. Don Allah, duk wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya ya ba mu shawara. Yaya, in kana saurare daga garka, Allah ya saka.