Motar da Aka Sayo daga Dammam

A rumfar jira ta wurin fahas, inda ake gwajin motoci a Makka, Malam Yunus na zaune riƙe da takarda. Wani direba ya leƙo.

"Baba, motarka ta faɗi ne?"

"Karo na biyu. Wai hayaƙinta ya yi yawa, kuma sai ta ci za a mayar da istimara, wato takardar mallakarta, sunana."

"Daga ina ka sayo ta?"

"Dammam."

"Haba Baba! Ba ka sa an gwada ta a can ba? Wallahi mai ita ya san halinta. Kira shi ya karɓi abarsa."

"Yayana ne, ɗan nan. Shekara tara ba ma magana. Ran nan ya bugo, ya ce yana da motar sayarwa. Ko jaki ya ce, da na saya. Na so in ce a kai ta fahas, sai na ji tsoron ya ce har yanzu ban yarda da shi ba."

Direban ya sassauta murya. "To, yanzu fa?"

Malam Yunus ya ninke takardar. "Jiya ya tambaye ni ya mota. Na ce masa lafiyarta lau."