Rigar Bala

A tashar Kawo, tsoho Maliki mai gyaran agogo ya matsa kusa da wani baƙo.

"Malam, za ka iya zame min Bala gobe?"

"Wane Bala, Baba?"

"Da matata ta rasu, ba mai leƙo ni. Sai na sayi katin gaisuwar rediyo, na gaida kaina da sunan Bala. Jama'a suka ji, gaisuwa ta yi ta zuwa har daga Sakkwato. Gobe ƙungiyar masu sauraro za su zo, wai sai sun ga Bala."

Baƙon ya dafe kai. "Kai ne Maliki Mai Agogo? Ni ne Aminu Rigachikun, ai ni ma ɗan ƙungiyar ne! Ga ma rigar da muka ɗinka wa Bala saboda kirkinsa!"

Maliki ya gwada ta a kafaɗarsa.

"Ikon Allah! Ashe tsawonmu ɗaya da shi."