Ermelinda, Wadda Ta Kai Maruƙa Bakin Shinge

Da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki.

Fada Anselmo, wanda ya ja mu addu'a kwana tara ba fashi. Kwamishina Abeyta, da ya taso daga hedkwatar gunduma. Don Meliton Gurule, shugaban rabon ruwa, babbanmu a wannan kwari. Donya Sinforosa, mahaifiyar marigayiya. Casimiro da Nieves, 'ya'yan marigayiya. Maƙwabta na Unguwar Sama da na Unguwar Ƙasa. Da baƙin da suka ƙetaro duwatsu daga wasu kwaruruka, ina gaishe ku duka. Idalia Maestas, da kike zaune can baya kusa da ƙofa, ke ma ina gaishe ki. Na ga wasu sun juya. Ban yi kuskure ba, da niyya na ambace ta, kuma za ku ji dalili.

Ni ne Onofre Jaramillo. Ermelinda Ulibarri, wadda duk garin Plasita Alta ke kira Mela, ita ta riƙe ɗana na fari ranar baftisma, shi ya sa take ce mini kompadre, nake ce mata komadre. Iyalinta sun ce in yi magana a madadinmu. Na karɓa, amma gara in gaya muku tun yanzu: ban ji komai ba tukuna. Na ɗauki akwatinta, na zuba ƙasa, na dawo gida na ci wake da barkono kamar kullum. Matata ta ce kuka zai zo. Ina jira. Kafin ya zo, zan faɗi abin da na sani.

Mela ta kasance direbar motar makaranta shekara talatin da wani abu. Rabin mutanen da ke cikin ɗakin nan ta ɗauke su da safe, ta sauke su da yamma, cikin laka da cikin dusar ƙanƙara. Kun san yadda muke. Tun kakanni, Unguwar Sama na cewa na ƙasa ɓarayin ruwa ne, Unguwar Ƙasa na cewa na sama sun sha sun hana. 'Ya'yanmu sun gaji wannan tun kafin su iya ɗaura takalmi, har a mota kowace unguwa da ɓangarenta. Mela ba ta taɓa yi musu wa'azi ba. Takan tsayar da motar a gefen hanya, ta kashe inji, ta ɗauko saƙarta.

Yara su ce, “Donya Mela, za mu makara.”

Ta ce, “Ni dai na gama makaranta tun kafin a haifi iyayenku. In kun cakuɗa mu tafi.”

Haka suke cakuɗawa, suna harare-harare. Aure uku na sani da suka fito daga wannan motar.

Ta kasance mace mai baki, wannan ba sai na ɓoye ba, Donya Sinforosa ma ga ta nan tana gyaɗa kai. Ta taɓa duban hulata a ƙofar coci ta ce, “Kompadre, wannan hular ta mutu tun bara, ka bari a binne ta.” Ta kasance ba ta da saniya ko ɗaya. Da mijinta Tobias ya rasu ta sayar da nasu, ta ce ta gaji da bautar dabbar da ba ta iya cewa na gode. Ku riƙe wannan. Cikin shanun da aka kama babu nata, kuma babu wanda zai zarge ta da a ce ta zauna a gida.

Baƙinmu ba duka suka san yadda abin ya faro ba. Mu nan ba masu garke ba ne. Mai goma, mai sha biyar, mai shida. Tun zamanin kakanninmu, ranar idin San Isidro, waliyyin manoma, ake kora shanu kan dutse, su yi bazara a can. Yanzu dutsen gandun gwamnati ne, sai da izini ake hawa. Bana aka ce saboda fari an ɗage ranar da wata guda. Mun ji, ba za mu ce ba mu ji ba. Amma harawa ta ƙare, shanu sun fara cin itacen shinge, ga ƙananan maruƙa. Gida bakwai muka kora namu ranar da muka saba.

Ba a yi mako ba, wata safiya jami'ai suka hau da dawakai da karnuka da manyan motoci. Kafin labari ya iso gari sun tattara shanun, sun loda, sun kai shingen gwamnati da ke bayan filin baje koli. Abin da ba su lura da shi ba, ko ba su tsaya lura ba, shi ne saniya mai sabuwar haihuwa takan ɓoye ɗanta cikin ciyayi ta tafi kiwo. Iyayen aka kwashe. Maruƙan suna kwance inda aka ce su kwanta.

Mu muka hau muka tsinto su, a kafaɗa, a bayan doki. Muka gwada ba su madarar gari a kwalba. Wasu suka karɓa, da yawa suka ƙi. Biyu suka mutu, ɗaya nawa ne. Duk wanda yake garin nan a kwanakin ya san irin kukan da ake tashi da shi, ake wuni da shi.

Muka yi taro a wannan ɗakin. Ku tuna yadda ya kasance. Na sama suka zauna can, na ƙasa nan. Wani ya ce a ɗauki lauya, wani ya ce a fasa shingen, wani ya tashi ya tono maganar ruwan shekarar da aka yi babban fari. Mela tana raba kofi. Sai ta dire butar ta ce, “Ku dai ba ku canza ba tun kuna cikin motata. Maruƙan nan taro suke so ko nono?”

Don Meliton ya ce, “To, 'yata, me za mu yi?”

Ta ce, “Mu kai su wurin iyayensu. Duk mai mota ya zo da ita ranar Asabar. Wanda ba shi da saniya ma ya zo, ni ma ba ni da ita.”

Ita ta bi gida-gida. Ita ta buga waya kwaruruka huɗu, don ko'ina akwai wanda ta taɓa ɗauka a mota ko ta taɓa zagi. Ranar Asabar, da na hau kan gada na waiwaya, ban ga ƙarshen jerin motocin ba. Manoman tuffa sun zo, masu tumaki sun zo, maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Pueblo sun zo, Turawan da suka sayi filaye a bakin kogi ma sun zo da kwalayensu masu rubutun zanga-zanga. Motarta ce a gaba, akori-kurar Tobias, tana jan kejin ɗaukar dabbobi cike da maruƙa.

An shirya jawabai. An kawo lasifika. Kwamishina, ka yafe mini, na san ka kwana biyu kana shirya naka. Ba wanda ya ji kalma ɗaya. Motoci na tsayawa maruƙan suka fara kuka, shanun da ke ciki suka amsa, suka rugo suka danne shingen da ƙirji. Hantsarsu ta kumbura, nono na ɗiga a ƙasa. Kowace saniya na kiran nata, kowane maraƙi ya gane muryar uwarsa. Mutane suka sauke kwalayen. Na ga ƙarti suna kallon takalmansu. Wannan shi ne gangamin Plasita Alta. Jaridu sun rubuta abin da suka rubuta, amma mu da muke wurin mun san ba mu ne muka yi magana ba.

Jami'ar da ke riƙe da ƙofar shingen ita ce Idalia. 'Yar Unguwar Sama ce, a motar Mela ta yi makaranta. Mela ta sauko ta tsaya gabanta.

“Idalia, 'yata, buɗe mana.”

“Donya Mela, in na buɗe suka shiga, su ma an kama su ke nan. Duk dabbar da ta taka cikin shingen nan ba ta fita sai alƙali ya ce. Ba ni na rubuta dokar ba.”

“Na san ba ke kika rubuta ba, rubutunki ma ba ya karantuwa. To sai mu tsaya su mutu muna kallo?”

Daga can bayan taron wasu suka fara ihu, ana kiran Idalia da sunayen da ba zan maimaita a gaban Fada ba. Mela ta juya ta dube su, irin kallon da take yi ta madubin mota. Aka yi shiru.

Idalia ta dubi shingen. Sannan ta ce, a hankali, “Cewa aka yi wadda ta taka. Ba a ce komai a kan wadda ta zura kai ba.” Ta je motarta ta ɗauko sifana. Da hannunta ta kwance ƙarafa biyu na ƙasan shingen. Shanun suka jeru ta ciki, maruƙan suka zura kai ta waje, ƙafafunsu na kan ƙasar da ba ta gwamnati ba. Kukan ya ɗauke. Ba ka jin komai sai tsotso. An kira Idalia ofis a kan wannan, kuma har yau ba ta san ko aikinta zai tsira ba. Shi ya sa na gaishe ta.

Gangami wuni ɗaya ne. Baƙi suka koma gidajensu, haka ya kamata. Amma maraƙi ba ya shan nono sau ɗaya ya ƙoshi har abada. Dole a kai su safe da yamma, ta wannan hanyar dutsen da kuka sani. Mun ce za mu yi karɓa-karɓa, kuma mun yi na yamma. Na safe ta hana kowa. Ta ce mu muna da ban ruwa, ita kuwa makaranta ta yi hutu, jikinta ya saba tashi.

Na ce mata, “Komadre, kin rame. Ki bar mini gobe.”

Ta ce, “Kai da ko baya ba ka iya yi da keji? Ka zubar mini da yara a rami.”

Yara take ce musu. Ta raɗa musu sunaye, yawanci sunayen mutanen da ke zaune a nan, kuma ba zan faɗi wane ne wane ba.

Alƙali ya dakatar da gwanjon shanun da gwamnati ta so yi. Wannan nasarar gangamin ce, kada kowa ya rage ta. Amma bai ce a sake su ba. Sai aka ci gaba da jigila, mako ya bi mako.

Ranar Talatar da ta wuce waccan, Idalia ta kwance ƙarafan tana jira. Mela ba ta taɓa makara ba. Da rana ta ɗaga ba ta ga alamarta a hanya ba, sai ta hau mota ta biyo. Ta same ta kafin gada, inda hanya ta ɗan yi faɗi. Mela ta riga ta sauke motar daga kan kwalta tsaf. Ta ja birkin hannu, ta kunna fitilun gargaɗi, ta kashe inji. Tana zaune, hannunta a cinya. Likita ya ce zuciya ce, ya ce ta ji zuwan abin. Gangara ce a gabanta, da kwana, da kogi. Ko maraƙi ɗaya bai ƙuje ba.

Idalia ta kira motar asibiti, ta kira Casimiro, ta zauna da ita har suka zo. Da aka tafi da ita, ta shiga akori-kurar ta ƙarasa da maruƙan.

Casimiro, Nieves, na san abin da ke ranku, don Nieves ta faɗa mini a maƙabarta. Ta ce, “Kawu Onofre, a kan shanun wasu.” Ba ni da amsar da za ta ishe ku. Shanun wasu ne, gaskiya ne, har da nawa. Ba zan ce muku ta mutu tana farin ciki ba, ban sani ba, ba na wurin. Abin da na sani, ba wanda ya aike ta, kuma ba wanda ya isa ya hana ta, kun fi ni sani. In kun ji haushinmu, ku ji, muna nan, ba za mu gudu ba. Ƙofar kowane gida a kwarin nan taku ce, sama da ƙasa.

Donya Sinforosa, ke kika haife ta, ke kika binne ta, ba haka aka so ba. Itacen hunturunki yana wuyanmu, da ban ruwan lambunki. Don Meliton ya ce a faɗa a gaban jama'a don kada wani ya manta.

Alƙali zai zauna ranar Alhamis. Ba mu san abin da zai ce ba. Wataƙila a sake su, wataƙila a sayar. Muna roƙon duk wanda ya zo ranar gangami ya sake zuwa, ya zauna a kotun, ko bai ce komai ba.

Muna godiya ga Fada, da matan da suka tsaya a kan tukwane kwana tara, da mazan da suka haƙa kabari a ƙasa mai duwatsu, da baƙin da suka yi doguwar tafiya. Akwai abinci a baya, kada kowa ya tafi bai ci ba. Masu jigilar yamma, ku ci da wuri. Na safe kuma, tun da ta rasu Casimiro ne ke yi, bai gaya wa kowa ba, kuma hutunsa ya ƙare, jibi zai koma bakin aikinsa. Muna neman wanda zai karɓa. Duk mai iyawa ya same ni a bakin ƙofa.

Mu tashi mu yi addu'a.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Ermelinda. Ka san bakinta, ka san hannunta. Ka gafarta mata, ka ba ta hutawa ta har abada, haskenka ya haskaka ta. Ka riƙe mahaifiyarta da 'ya'yanta. Ka ba alƙali tausayi, ka ba dutsenmu ruwa. Mu kuma da muke tsaye a nan kamar itatuwa, ba mu iya kuka ba, ba mu iya komai ba, ka ba mu ƙarfin da za mu tashi gobe da safe. Maruƙan ba su san an yi rasuwa ba.

Amin.