Gurbin Da Ya Rage A Katanga

A tsibirin Man, dab da fara tseren babura, na ji wani mutum yana magana da wata tsohuwa a jikin katangar da ake kafa allunan sunayen waɗanda tseren ya kashe.

"Iya, bar goge allon nan haka, yanzu za a rufe titi."

"Su jira. Shekara sha ɗaya ke nan ina goge sunan ɗana Orry. Kai naka wanne ne?"

"Allah ya kiyaye! Nawa ɗan da ransa, yau ma zai hau."

"To me kake ta aunawa da tafin hannu tun ɗazu?"

Ya janye hannunsa daga gurbin da ya rage tsakanin allunan.

"Gurbin zai ɗauki allo ɗaya," in ji ta. "Ni ma tun Orry yana da rai na auna nasa."