Kwano Ɗaya Ga Duk Mutanen Bene

Mai girma shugaban ƙungiyar 'yan hayar wannan gini, malam sakatare, dattawanmu na shagunan ƙasa, 'yan'uwana na bene, maza da mata, assalamu alaikum. Ina godiya da aka ba ni dama, ko da yake ba da sanyin zuciya na miƙe ba.

Ni ce mai ɗaukar hoton ƙashi a ƙarshen baranda. Aikina in ɗauki hoto, in tura wa likita ta intanet, ya duba, ya faɗi abin da za a yi.

Da farko, kun san akwatin nan na ƙarƙashin matakala, wanda ke raba mana intanet. Mun amince a ƙayyade wa kowace waya iyakar abin da za ta ja, don kada wani ya danne wani. Mai gyara ya yanka wa kowane shagon ƙasa rabonsa daban. Da ya zo kanmu, sai ganda ta kama shi, ya saita iyaka guda, ya ɗaura wayoyin bene duka a kanta. Ku kowa da kwanonsa, mu kuwa kwano ɗaya aka tura mana.

Na biyu, ban ga laifin maƙwabcina mai tura finafinai ba, sana'arsa yake yi. Amma da ya fara sauke finafinai daga intanet, mu sai kallo. Jiya wani direba ya goyo mahaifiyarsa har sama, don ta faɗi a banɗakin gidansu, ƙugu ya kumbura. Na ɗauki hoton, hoton ya ƙi tafiya. Tana nishi a kan benci, yana tambayata, “Yaya, ya tafi?” Har likita ya tashi daga aiki bai tafi ba. Na ji kunya, na kuma ji takaici.

Na uku, na sami mai gyara, ya ce, “Gyaran ba wuya, amma lambar sirrin akwatin tana wurin shugaba, shi kuma ya ce sai an yi taro.”

To, ranka ya daɗe, ga taro an yi. Ba alfarma muke roƙo ba, ba kuma rabon kowa muke nema ba. A raba mana namu, kowace waya da iyakarta, a yau. Gobe da safe direban nan zai sake goyo tsohuwa ya hau matakalar nan, ya wuce ta kan akwatinku. Ku faɗa mini abin da zan ce masa.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.