Ni Za a Ce wa Maƙiyin Yahudawa?

Salama alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Yakubu, ni kafinta ne a Maamobi, unguwar zango inda Musulmi suka fi yawa. Kirista ne ni, kuma na daɗe a gidan haya ɗaya da Musulmi.

Ranar Lahadi dattijon cocinmu ya zo gaishe ni. Muna zaune a tsakar gida ya ce kafuwar ƙasar Isra'ila alamar dawowar Yesu ce, don haka duk abin da gwamnatinta ta yi mu ce amin. Na ce, "Baba, ranar dawowarsa Allah kaɗai ya san ta. Gwamnati kuwa mutane ne, suna kuskure." Sai ya miƙe yana nuna ni da yatsa: "Zaman zango ya koya maka ƙin Yahudawa!"

Raina ya ɓaci. Kafin in buɗe baki, maƙwabciyata Hajiya Ramatu, mai sayar da shinkafa da wake, ta ajiye ludayi. Ta ce, "Baba, da can a gidan nan duk wanda ya yi rowa, Bayahude muke ce masa. Yakubun nan ne ya hana mu, ya ce sunan al'umma ba zagi ba ne. Har jikokina sun daina."

Dattijo ya koma ya zauna.

Masu sauraro, in jira ya ba ni haƙuri, ko in bar shi da kunyarsa? Ina gaishe da Hajiya. Musulma ce ta wanke ni a gaban dattijon cocina!