Wata Shida Ina Cewa "Da Sauƙi"

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana mata. Malama, na gode da kika ba ni wuri a wannan zama namu na Alhamis. Ku taya ni yi wa Annabi salati kafin na fara, don yau na zo ba da shaidar abin da Allah ya yi mini, kuma ba zan rage komai ba.

Sunana Uwani. Na faɗa ne saboda shekara tara ina zaune a unguwar Nakkasa a nan Makka, amma rabinku ba ku san sunan nan ba. Wayit kuke ce mini, motar ruwan nan da ke hawa tudu tana nishi. Wadda ta laƙaba mini sunan, Hajiya Dije mai tuwo ta unguwar Mansur, ga ta can kusa da ƙofa. Hajiya, zauna abinki, kada ki tashi, ban ma fara ba.

Tun da na haifi Zainab, ɗiyata guda ɗaya, ƙirjina ya cika bai ƙara komawa ba. Kullum ƙaruwa yake. Ku kuna ganin abaya ta yi tudu kuna dariya, ba ku san abin da ke ciki ba. Igiyar rigar mama ta haƙa mini rami a kafaɗa, ana iya kwantar da yatsa a ciki. Ƙarƙashin nonon ya saɓule, ga zafin Makka, yana ruwa yana wari, sai na cusa tsumma na fesa turare sannan na fita. Wuyana ba ya juyawa, yatsuna suna mutuwa. Idan na yi sujada numfashina ɗaukewa yake, tasbihi ɗaya nake yi na ɗago kamar ana kora ta.

A haka nake hawa matakalar Nakkasa, a haka nake sharar otal. Tun da mahaifin Zainab ya rasu, kamfanin shara ne ya riƙe mini iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, shi ne kuma ya ba ni katin ta'min, wato inshorar asibiti. In aikin ya tafi, duka biyun sun tafi.

Ba zan tsaya a nan na nuna muku ni ta kirki ce ba. Ciwo ya mai da ni muguwa. Ƙwayar kashe zafi nake watsawa a baki kamar gyaɗa. Na daina gaida mutane. Wata rana na dawo daga aiki, Zainab tana 'yar shekara bakwai ta taho da gudu ta rungume ni, kanta ya daki wurin da ya saɓule. Wallahi ban san lokacin da na ɗauke ta da mari ba, har sai da leɓenta ya fashe. Yarinya ta zo murna! Kuma a zuciyata, astagfirullah, na sha cewa, "Ya Allah, me na yi maka?" Ina kallon hasumiyar Harami daga tagata ina faɗin haka.

Da abin ya ishe ni na je asibiti. Likitan ƙashi, wani Bamisire, ya duba hoton bayana ya ce babu magani sai aiki, a rage nauyin. Amma ya ce ta'min ba sa biyan tajmil, wato aikin gyaran kwalliya. Sai an nuna musu ciwo ne. Sharaɗinsu shi ne na yi wata shida ana gasa mini baya ana motsa gaɓoɓi, na rage ƙiba, duk wata na dawo ya rubuta rahoto. In duk an yi ba a ga canji ba, sannan su yarda a yanka.

Na yi. Ban tsallake ko rana ɗaya ba. Na bar shinkafa, na bar shayi mai sukari, wuyana ya rame amma ƙirji yana nan yadda yake.

To ga inda na kashe kaina. Duk wata in na shiga, likita zai ɗago ya ce, "Kef halik, ya Hajja?" Yaya jiki ke nan. Ni kuwa 'yar Kano ce, uwata ta yi mini tarbiyya. Ku gaya mini, wace ce a cikinku aka taɓa ce wa "ya jiki" ta ce "babu sauƙi"? Ko ana karanta mata Yasin, da sauƙi za ta ce. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdulillah, ahsan." Da sauƙi. Shi kuma ya duƙa ya rubuta. Kuma namiji ne, ban taɓa buɗe masa ya ga gyambon ba, ta ina zan fara?

Wata shida cif, aka aika takardu. Ranar da na je karɓar amsa, ma'aikacin ta'min na asibitin bai ko ce na zauna ba. Ya ce, "Marfud. Tajmil." An ƙi, wai kwalliya nake nema. Na ce ta yaya, ga ni ina mutuwa a tsaye? Ya juyo mini da fuskar kwamfuta ya dinga nunawa da biro, layi shida, wata shida. Ya ce, "Inti gulti ahsan." Ke kika ce da sauƙi. Sannan ya kalli ƙirjina, ya juya wurin abokin aikinsa ya ce mai shara tana so ta koma amarya. Ya zaci ba na jin Larabci. Suka yi dariya har ɗayan yana buga tebur.

A makon nan mushrifa, shugabarmu a otal, ta kira ni. Ta ce ɗaki huɗu nake gyarawa a lokacin da wasu ke gyara bakwai. Iƙamata za ta ƙare a Rabi'ul Awwal, ta ce kada na sa rai za a sabunta. Na gane in ba a yi aikin nan kafin lokacin ba, haka zan koma gida da kayana, haka kuma za a binne ni da su.

Ban san wa ya kai labari Mansur ba. Na je sayen tuwo, layi cike da mata da maza, Hajiya Dije ta ɗaga murya ta ce, "Wayit, ashe lodi za ki rage? To in an yanko a kawo mini na sa a miya, nama ya yi tsada." Layi ya ɗauki dariya. Wata ta ce ai canza halittar Allah ne, tsinanniya ce mai yi. Na san muryarta, tana cikin ɗakin nan, ba zan nuna ta ba. Na bar kwanona a wurin na tafi, har yau ban koma ɗauka ba.

Da aikin Hajji ya zo, kamfani ya kwashe mu zuwa Arfa sharar tantuna. Ranar Arfa bayan la'asar, duk inda ka duba mutane ne a tsaye, hannuwa a sama, ana kuka ana roƙo. Ni ina tsakiyarsu da baƙar ledar shara. Na ajiye ledar na ce bari ni ma na ɗaga hannu. 'Yan'uwa, hannun ya ƙi wuce kafaɗa! Na gwada, na sake gwadawa. Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Ya Allah, ka ga kowa ya ɗaga, ni na kasa. Ka ɗauka na ɗaga. Na yi maka rashin kunya a zuciyata, ka yafe mini. Ka sauke mini wannan kaya, ko ka ɗauki raina a nan." Abin da na sani ke nan, sai ƙasa ta taso ta same ni.

Na farfaɗo a ɗakin shan magani na Arfa, wata nas tana yanka mini rigar mama da almakashi, don ta manne da gyambo. Dattijuwa ce, Sista Habiba, haifaffiyar Makka, kakanninta daga Katsina suka zo a ƙafa. Ta cire tsumman, ta kau da kai ta yi salati. Da Hausarta mai nauyin Larabci ta ce, "Sannu. Ya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ta ajiye almakashin da ƙarfi. Ta ce, "Ƙarya kike! Ina kallon namanki a buɗe kina ce mini da sauƙi? Haka kakata ta yi ta faɗa har muka kai ta maƙabarta." Ta tsare ni sai da na ba ta labari duka. Da na zo kan layi shidan nan sai ta dafe kai. Ta ce, "Ya miskina. Likita ba maƙwabciyarki ba ce. Ba gaishe ki yake ba, tambayar ki yake. Abin da kika faɗa shi ne shaida, kuma ke kika ba da shaida a kan kanki."

Allahu Akbar! Ban fi awa ɗaya da yin addu'a ba Allah ya aiko mini mai zagina, kuma zagin nan shi ne maganina.

Ta sa likitan wurin ya rubuta abin da ya gani da idonsa. Ta ce bayan Hajji na nemi likita mace, na buɗe mata komai, a ɗaukaka ƙara. Ta sa mini kalma biyu a baki, "ana ta'bana", ina shan wahala, ta ce na maimaita. Wallahi harshena ya yi nauyi, ji nake kamar ina kai ƙarar Ubangiji wurin bawansa. Sai da na zo wurin Malama, ga ta nan, ta ce gaya wa likita ciwo ba butulci ba ne, kuma cire abin da ke cutarwa magani ne, ba canza halitta ba. Malama, Allah ya saka miki da Aljanna.

Kada ku zaci daga nan abin ya zo da daɗi. An tuɓe ni, an auna da tef kamar yadi, an ɗaga an ɗauki hoton gyambo ta gaba da ta gefe, an aika wa mutanen da ban san su ba. Na tsaya gaban likitoci uku. Babbar cikinsu ta ce, "Kef halik?" Bakina da kansa ya fara, "Alhamdulillah..." Na ji "ahsan" ta taho har bakin haƙorina. Na cije ta. Na ce, "Alhamdulillah, bas ana ta'bana." Daga nan na ɓalle. Na faɗi barcin da ba na yi, na faɗi sujada, na faɗi marin Zainab, rabi da Larabci rabi da Hausa, ina kuka majina na zuba. A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Saura kwana goma sha tara katina ya mutu, saƙo ya shigo wayata, an amince. Aka yi aiki. Abin da aka cire ya haura kilo uku. Ku ce Alhamdulillah!

Kamfani bai sabunta ba, kamar yadda mushrifa ta faɗa. Ranar Talata ni da Zainab za mu sauka Jidda mu hau jirgi. Ba komai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, har yau in na buɗe hannu na ce Zainab zo, sai ta fara kare fuskarta. Wannan ba ta'min ɗin da zai biya shi, ku sa mu a addu'a.

Amma jiya na yi sujada a Harami na yi tasbihi har na rasa ƙidaya, ba abin da ya kore ni.

Hajiya Dije ta zo duba ni a asibiti, gaskiya ce dole na faɗa, har da kunu a fulas. Ta tsaya a bakin gado tana leƙen bandeji ta ce, "Wayit, ya jiki?" Na ce, "Da sauƙi, Hajiya." Shekara tara ina faɗin kalmar nan, ranar ce ta farko da ba ƙarya na yi ba. Hajiya, na yafe miki saboda Allah, amma maganar miya ban manta ba, kuma ba na jin zan manta.

'Yan'uwana, ku dogara ga Allah, yana ji ko hannu bai ɗagu ba, ni ce shaida. Na san akwai masu tsumma a ƙarƙashin abaya a ɗakin nan, kowa da irin nata. In maƙwabciya ta gaishe ki, ki ce da sauƙi. In likita ya tambaye ki, ki gode wa Allah, sannan ki buɗe baki ki faɗi gaskiya.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sauke mini kaya. In na tafi kuka tuna da ni a addu'a, don Allah ku ce Uwani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.